Me ya sa injin da aka sake ɗaurewa ke saurin cin bawul?

Ba kasafai makanikai kan yi shakkar sandunan tura bawul ba idan sun zo ɗaure injin da suka sauke. Muddin sandar ba ta lanƙwashe ba, akan wanke ta ne a mayar da ita inda aka ciro ta.

Sai dai kuma sandar da ta yi daidai kafin a sauke inji ba lallai ba ne ta yi daidai bayan an gyara shi.

Ana samun wannan sanda, wadda ake kira fushrod, a injinan da kamshaf ɗinsu ke ƙasa, cikin gangar jikin inji. Kamshaf ne ke tura ta sama, ita kuma ta ɗaga gefe ɗaya na roka, wani ƙarfe mai lilo kamar hannun sikeli, ɗaya gefen kuma ya danna bawul ya buɗe.

Haka injin V8 da kamfanin Chevrolet na Amurka ya fito da shi a 1955 yake. A nan tsawon sandar kimanin inci 7.8 ne, kuma roka na ninka motsinta sau ɗaya da rabi kafin ya kai ga bawul.

To amma wannan tsawo an auna shi ne da sabon inji. Da zarar an kankare fuskar kan inji don ta miƙe, ko an sa gasket mai kauri dabam, ko an sauya kamshaf, tazarar da ke tsakanin kamshaf da roka ta canza ke nan.

A irin wannan inji kowane roka na zaune ne a kan nasa ƙusa, don haka tsawon sandar ne ke yanke inda bakinsa zai sauka a kan bawul. Idan ya kauce, sai ya riƙa ture bawul gefe maimakon ya danna shi sak. Sannu a hankali ramin da bawul ke zirga-zirga a ciki ya buɗe, baƙin mai ya fara zurara, hayaƙi ya biyo baya. Sau da yawa ringi ake ɗora wa laifin.

Gwajin kuwa ba shi da tsada. Akan shafa tawada a saman bawul, a ɗaura roka, sannan a juya inji da hannu sau biyu, domin sai kiranshaf ya zagaya sau biyu kamshaf ke zagayawa sau ɗaya. Daga nan a cire roka a duba sawun da ya bari.

Idan sawun ya karkata ta wajen tsakiyar inji, sandar ta yi gajarta. Idan ya karkata ta wajen salansa, ta yi tsawo. Akwai sandar gwaji mai zare wadda ake ƙara wa tsawo ko a rage, har a dace, sannan a auna ta a sayo irinta.

Wasu na nacewa sai sawun ya faɗa tsakiya cif. Amma sirantarsa ta fi muhimmanci, domin siririn sawu na nuna cewa bakin roka ba ya goga da yawa.

Tsohuwar Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ita ma mai irin wannan sanda ce, sai dai rokokinta a jere suke a kan ƙarfe guda. A nan tsawon sanda ba ya sauya inda roka ke taɓa bawul. Noti da sukurun saiti ne ke cike tazarar. Abin dubawa shi ne kada sukurun ya kai ƙarshen zarensa kafin a samu saitin da kamfani ya ƙayyade.