Murar Tsuntsaye: Me Ya Haɗa Ta Da Mai Saniya?

'Yan uwa fatake da dillalai, wani zai ce ina ruwanmu da ciwon kaji, mu da ke harkar shanu? To, a da wannan magana tana da hujja. Amma a watan Maris na 2024 aka tabbatar da ƙwayar murar tsuntsaye, wadda likitoci ke kira H5N1, a jikin shanun tatsa a jihar Texas ta Amurka. Kafin tsakiyar 2025 ta shiga garke fiye da 1,000 a jihohi 17.

Cutar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A Fabrairun 2006 ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko ke nan a Afirka, a watan kuma aka gan ta a Magarya ta Nijar. Mu nan Togo sai a Yunin 2007, a Sigbéhoué kusa da Aného. Ta dawo a 2008 a Agbata, sannan a 2016 a Adétikopé, garin da duk mai kai shanu Lome ya san shi.

Asalin mazauninta cikin tsuntsayen ruwa ne, agwagin daji da danginsu. Da yawansu suna ɗauke da ita ba tare da sun kwanta ba, suna zubar da ita cikin kashi a tafki da fadama. Da hunturu irin waɗannan tsuntsaye kan sauko daga Turai zuwa dausayin Haɗeja da Nguru da makamantansu, ita kuwa ƙwayar ta fi daɗewa a raye cikin sanyi da danshi. Agwagwar gida ta sha ruwan, ta dawo akurki, shi ke nan. A jikin kaza ba ta tsayawa a maƙogwaro, takan bi jini ta shiga hanta, huhu har ƙwaƙwalwa. Kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi, ƙwai ya tsaya, kwana biyu a wayi gari akurki ya zama kango.

Amma gaskiyar magana, tsuntsun daji kawo ta kawai yake yi. Mu mutane mu ke raba ta gari-gari: kwando, takalmi, tayar mota, buhun takin kaji. Kowa ya san yadda ake loda shanu a Cinkassé ko Dapaong, a ɗaure kwandunan zabbi a saman mota, kashinsu na zuba kan dabbobi tun daga can har Sokodé. Wannan al'ada, a ganina, ribarta ba ta kai haɗarinta ba.

To yaya aka yi ta kama saniya? Ƙwayar tana da wata 'yar ƙugiya da take maƙalewa a jikin nama, kuma ba ko'ina take samun wurin kamawa ba. Masana sun gano cewa cikin hantsar saniya akwai irin wurin da take so, kamar na jikin tsuntsu. Shi ya sa take taruwa a nono. Saniya ta rage cin abinci, ta yi zazzaɓi, nono ya ragu ya yi kauri da ruwan ɗorawa kamar dakashi. Akasarinsu sukan warke cikin 'yan makonni, sai dai tatsa ba ta komawa yadda take da wuri. A Amurka injin tatsa ne ya riƙa ɗaukar ta daga wannan saniya zuwa waccan, motocin jigilar shanu kuma suka kai ta jihohi masu nisa. Kyanwoyin da suka sha ɗanyen nonon, da yawa sun mutu. Wasu ma'aikatan tatsa sun kamu, mafi yawa jan ido suka yi. Kada dai a raina ta: a Janairun 2007 ta kashe wata mata a Legas.

Zafi yana kashe ta, don haka a tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo. Kada shanu su sha a kwami ɗaya da agwagi. Sabuwar saniya a ware ta tukuna kafin ta shiga garke, mota kuma a wanke ta da sabulu bayan kowane lodi. In kaji suka fara zubewa a gida ko a zango, kada a yanka a kai kasuwa, kada a jefa wa kare. A kira likitan dabbobi ya zo ya gani, a binne mushen a rami mai zurfi.