Shin Ko Kun San? Amosanin da Jiki ke Yaƙar Kansa

Shin ko kun san akwai ciwon gaɓɓan da ba sanyi ke kawo shi ba, ba kuma tsufa ba? Amosanin da likitoci ke kira rumatoyid ke nan. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta kashe ƙwayoyin cuta, take ruɗewa ta afka wa siririyar fatar da ke shimfiɗe a cikin gaɓa. Wurin ya kumbura, ya ɗau zafi. In an bar shi, guringuntsi da ƙashi su fara cinyewa!

Mutum nawa kuke zaton suna fama da shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miliyan 18 ne a shekarar 2019. Kusan kashi 70 cikin 100 kuma mata ne. Yana kama matan da ke tsakiyar ƙarfinsu, masu goyo da masu sana'a.

To ku ji wannan. Ciwon ba ya son kama gefe ɗaya. In ya taɓa yatsun hannun dama, sai ya nemi 'yan'uwansu na hagu, kamar an sa madubi. Wuyan hannu biyu, yatsun ƙafa biyu. Amma gaɓar nan ta ƙarshe da ke kusa da farce, yawanci tsallake ta yake yi!

Safiya ce lokacinsa. Mai ciwon ya tashi da asuba, yatsu sun sandare, ɗaga buta ma ya zama aiki. Yakan kai awa guda ko fiye kafin hannu ya saki. Abin mamaki, motsi ke sassauta shi, zama wuri ɗaya kuwa ƙara ɗaure shi yake.

Kuna tsammanin a gaɓa kaɗai ya tsaya? Ina! Yana iya taɓa huhu da zuciya da ido, ya rage jini, ya bar mutum da gajiya mai nauyi. Shan taba kuma na cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa.

Alamunsa kan ɓulla a cikin jini shekaru kafin gaɓa ɗaya ta yi ciwo. Shekaru fa! Wasu kuma suna da ciwon sosai, gwajin jini bai nuna ba, shi ya sa sai likita ya duba gaɓɓan da kansa.

Mata da yawa sukan ji sauƙi idan suna da juna biyu, bayan haihuwa ciwon ya dawo. Wani likitan Amurka, Philip Hench, ya lura da haka, har da sauƙin da masu ciwon ke samu idan ciwon shawara ya kama su. Ya ce lalle jiki na da wani sinadarin da ke kwantar da kumburi. A 1948 aka yi wa wata mata da ciwon ya kwantar allurar wani sinadarin jiki mai suna kotizon. Cikin kwanaki kaɗan ta miƙe tana tafiya! A 1950 Hench da wasu masu bincike biyu suka karɓi kyautar Nobel.

Magani da zinare fa? Ƙwarai kuwa. Tun wajen 1929 aka fara yi wa masu ciwon allurar sinadarin zinare a Faransa, aka kuma daɗe ana yi.

Yau babban maganin shi ne metotireksat, wanda asalinsa na ciwon daji ne. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba, kuma mai ciki ba ta sha. Wannan a riƙe shi da kyau. Ba ya raba mutum da ciwon har abada, amma idan an fara da wuri, cikin watannin farko, yakan hana yatsu karkacewa, wasu ma ciwon ya lafa ɗungurungum.

Kun tuna kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, mai sa ƙaiƙayi? Ɗan'uwansa na jini, haidiroksikulorokwin, yana cikin magungunan da likitoci ke rubuta wa masu wannan amosani har gobe!