Ajiye Manyan Kaya Cikin Fayiloli: Wani Zaɓi Wajen Gina Taskar Bayanai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba wata matsala da ke fuskantar duk wanda aka ɗora wa alhakin gina taskar bayanai a kwamfuta, ko ta laburare ko ta wata ma'aikata. Kayan da ke shiga irin wannan taska iri biyu ne. Akwai ƙananan bayanai, watau sunan takarda da mai ita da ranar shigarta. Sa'an nan akwai manyan kaya, kamar hoton shafin littafi, ko sauti, ko bidiyo. Ƙananan bayanai a rumbun bayanai mai jadawali ake ajiye su, wannan babu gardama. Gardamar a kan manyan kayan take: a cusa su cikin rumbun, ko kuwa a ajiye kowanne a fayil nasa a kan faifai, a bar wa rumbun adireshinsa kawai?

2.0 Girman Kaya

A shekarar 2006 Sears da van Ingen da Gray, a wani rahoto na sashen bincike na kamfanin Microsoft, sun gwada hanyoyin biyu. Suka gano cewa abin da bai kai kilobayit 256 ba, rumbun bayanai ya fi saurin sarrafa shi. Wanda ya haura megabayit 1 kuwa, fayil ya fi. Tsakanin biyun ya danganta ga yawan rubutawa da sake rubutawa. Na'urori sun sake tun daga lokacin, saboda haka bai kamata a riƙe alƙaluman nan kamar doka ba. Amma dalilin yana nan. Babban kaya yakan kumbura rumbun, ya cinye wurin da ya kamata ƙananan bayanai su zauna, har ɗaukar kwafin ajiya ya zama aikin dare guda.

3.0 Yadda Ma'ajiyar Fayiloli Take Aiki

Bari mu ɗauki Apache Jackrabbit misali, watau manhajar da aka gina bisa ƙa'idar JCR, wadda ta fito a 2005, aka sabunta ta a 2009. Ma'ajiyarta ta fayiloli ba ta damu da sunan da mai kaya ya ba kayansa ba. Takan karanta abin da ke ciki, ta lissafo wani dogon tambari daga gare shi (da farko da tsarin SHA-1, daga baya SHA-256), tambarin nan shi ne sunan fayil ɗin. Haruffansa na farko kuma su ne sunayen aljihunan da za a jefa shi ciki, hawa-hawa, don kada dubban fayiloli su taru wuri guda. Abin da bai kai bayit 100 ba, in ba a sake ƙa'idar ba, ba a buɗe masa fayil.

Abin da wannan ya haifar shi ne, in mutum goma suka shigar da hoto guda, fayil ɗaya za a ajiye. Haka nan fayil ba ya sakewa bayan an rubuta shi. In an gyara takarda, sabon tambari ke nan, sabon fayil. A ganina wannan ne babban dalilin zaɓen hanyar, fiye da sauri, domin mai ɗaukar kwafin ajiya ba ya bukatar kwashe komi kullum, sai abin da ya ƙaru tun jiya.

4.0 Inda Haɗari Yake

To, amma wanda ya raba kayansa gida biyu, tsaro biyu ya ɗaukar wa kansa. Rumbun bayanai yana da alkawarin cewa aiki ko dai ya kammala duka ko kuma a soke shi duka. Faifai bai shiga wannan alkawari ba. Saboda haka jerin aiki yana da muhimmanci. Wajen shigarwa, fayil ake fara rubutawa, kana adireshinsa. Wajen ɗaukar kwafi kuwa, rumbun ake fara kwafa, sa'an nan fayiloli. In aka juya, za a sami adireshin da babu kaya a bayansa, kuma sau da yawa ba a ganewa sai ranar da mai bincike ya nemi takardar.

Har wa yau, share takarda daga taska ba ya share fayil ɗinta nan take, tun da wata takarda tana iya dogara da shi. Sai an yi shara ta musamman: a bi taskar a yi wa duk fayil mai amfani alama, a kwashe saura. In taska biyu suna tarayya a ma'ajiya ɗaya, lalle ne kowace ta gama sa alamarta kafin a kwashe komi, in ba haka ba ɗaya za ta zubar da kayan 'yar'uwarta. Haka kuma in kwamfutoci da dama ne ke hidimar taska guda, dole dukkansu su ga faifai ɗaya ta hanyar sadarwa. Inda hakan ya faskara, sai a duba ma'ajiya irin ta S3, wadda Amazon ya fito da ita a 2006, kuma Jackrabbit yana iya aiki da ita.