'Yan Mazan Jiya da Motar Sulke Mai Iyo: Abin Lura Ga Mutanen Gulbin Rima

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya san ƙasar Shinaka, Goronyo da Wurno ya san cewa gulbin Rima shi ne arzikin jama'ar wannan yanki, kuma shi ne abin fargabarsu. Da rani fadamarsa ke ba da shinkafa, albasa da tafarnuwa. Da damina kuwa, idan ruwa ya kawo, sai ya raba ƙauye da kasuwa, ya raba majinyaci da asibiti. Haka mutanen Raba ke fama da gulbin Sakkwato ta nasu ɓangaren.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa mita miliyan 942 na awon cikin tafki. A watan Satumba na 2010 ruwan ya fi ƙarfinta, ambaliya ta share ƙauyuka irin su Kagara, ta raba dubban mutane da muhallinsu, har ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sa'an nan a watan Agusta na 2025 wani kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. A irin waɗannan ranaku ana bukatar abin hawa da zai ratsa ruwa da taɓo, ana kuma bukatar horarrun mutane da za su sarrafa shi. Sojoji sun daɗe da sanin abu na farko. Na biyun kuwa yana nan zaune a garuruwanmu, watau tsofaffin sojoji.

Asalin motar

Abin mamaki shi ne ba don yaƙi aka fara ƙera motar mai iyo ba. Wani injiniya ɗan Amurka, Donald Roebling, shi ne ya ƙera ta a Jihar Florida a 1935, domin ceton mutanen da guguwa da ambaliya suka rutsa da su cikin fadamu, inda mota ba ta shiga, jirgin ruwa kuma ba ya wucewa. Ya raɗa mata suna Alligator, watau kada. Da wata mujalla ta buga hotonta a 1937, sai hafsoshin Amurka suka ga ta dace da sauke sojoji daga teku zuwa gaɓa. Daga baya aka sa mata sulke da bindigogi, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 18,000. Sojojin Ingila, waɗanda ke kiran ta Buffalo, watau ɓauna, da ita suka ƙetare kogin Rayin zuwa tsakiyar Jamus a watan Maris na 1945.

Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne. Cikinta a liƙe yake kamar na jirgin ruwa, saboda haka duk da nauyinta ba ta nutsewa. Ƙafarta sarƙa ce irin ta katafila, mai haƙora, waɗanda ke kama ƙasa a tudu, su kuma tura ruwa kamar filafilai idan ta shiga kogi. Waɗansu na baya-bayan nan masu taya farfela ake sa musu a baya. Akwai kuma famfo mai kwashe ruwan da ya yoyo ciki. Amma fa tana da raunin da mai karatu ya kamata ya sani. Dole sulkenta ya zama maras kauri don kada ta nutse, gudunta cikin ruwa bai fi kilomita 10 ko 12 a awa ɗaya ba, kuma in gaɓa ta yi tsayi ko taɓo ya yi zurfi, fitowa kan gagare ta. Roba guda ta tsage ba a lura ba, sai ta zama akwatin gawa. Don haka direba da makanikenta sun fi ƙarfen kansa muhimmanci.

Bayan yaƙi motar ta koma aikinta na asali. A watan Maris na 1947 ambaliya ta fasa gaɓar ruwa a garin Crowland na Ingila, aka kawo guda 16 aka jera su don toshe ɓarakar. Ruwa ya tafi da biyar. A watan Afrilu na 2021 mutanen garin suka yi gayya suka tono guda daga ƙarƙashin ƙasa, bayan shekara 74, domin 'ya'yansu su ga abin da ya taɓa tsaya musu.

Sojanmu da ruwa

Sojan Nijeriya ya san tsadar ƙetare ruwa. Kakanninmu da suka je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan da ƙasar Arakan, inda koguna da ruwan sama suka wahalar da su kamar yadda abokan gaba suka yi, kaya kuwa a ka ake ɗauka. Sunayen barikin Dalet a Kaduna da barikin Chindit a Zariya duk daga can suka samo asali.

A yaƙin basasa ma, cikin Oktoba na 1967, runduna ta 2 a ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed ta yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Onica cikin jiragen ruwa, bayan an karya gada, aka yi asarar rayuka masu yawa. Sai da rundunar ta zagaya ta ƙetare ta Idah, sa'an nan ta kama Onica a watan Maris na 1968. Yau rundunar sojan ƙasa tana da makarantar koyon yaƙin ruwa da tudu a Kalaba, kuma cikin motocin sulken da ta saya akwai waɗanda aka ƙera su iya iyo, kamar VBL ta Faransa.

Ƙungiyar 'yan mazan jiya

An kafa Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya da doka a 1964, domin kula da jin daɗin waɗanda suka ajiye kaki da iyalan waɗanda suka rasu. Tana da rassa a jihohi har zuwa ƙananan hukumomi. Ayyukan da aka fi sanin rassan da su su ne sayar da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya, wanda kuɗinsa na marayu ne da matan mamata da naƙasassu, fita fareti ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, da kuma samar wa 'ya'yanta aikin gadi a ofisoshi da ma'aikatu. Sauran shekara kuwa yawanci bin fansho ne ke cinye ta. A watan Janairu na 2025 sai da tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja kan haƙƙoƙinsu.

To, mutumin da ƙasa ta kashe dukiya ta koya masa tuƙin motar sulke, ko gina gada, ko ɗaurin rauni, ko aikin oba-oba, bai kamata a ce sanda da fito a bakin ƙofa su ne ƙarshen amfaninsa ba. Ballantana a yankin da 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo cikin Oktoba na 2021, inda kowane taimako ke da wuyar isa ƙauye.

Abin yi

Motar sulke mai iyo kayan gwamnatin tarayya ce, kuma tsadarta ta wuce ƙarfin ƙaramar hukuma. Abin da ya dace shi ne hukumomi su roƙi runduna ta 8 da ke Sakkwato ta riƙa ajiye irin waɗannan motoci kusa da gulbi daga Yuli zuwa Oktoba. Amma akwai abin da ba ya bukatar jiran Abuja. Ƙananan hukumomin Goronyo, Wurno da Raba suna iya haɗa kai da reshen ƙungiyar su rubuta sunan kowane tsohon soja da sana'ar da ya koya a bariki. Hukumar agajin gaggawa ta jiha ta ba su horon ceto, ta ba su alawus, a danƙa musu kula da mashigai: ƙidaya fasinja, hana lodin da ya wuce kima, tilasta sa rigar iyo, da kai gargaɗi ƙauyuka duk lokacin da za a saki ruwan madatsa. Ɗalibai kuma su zauna da dattawan yaƙin basasa su rubuta abin da suka gani, tun suna raye.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Damina na tafe, kuma mutanen da suka san aikin suna nan a Shinaka da maƙwabtanta, ana gaisawa da su kullum a ƙofar masallaci.