Uwargida, Ki Iya Lissafin Silin Kafin Ki Kira Kafinta

A wannan wata za mu leƙa wani fanni da mata da yawa ke ɗauka na maza ne kawai, alhali sau da yawa kuɗin adashinmu ne ke tafiya a ciki, wato gyaran silin ɗaki.

Duk wadda ta zauna a Dutsi ta san yadda kwano ke ɗaukar zafi a watannin Maris da Afrilu, ta kuma san ƙurar hunturu. Shi ya sa idan an tashi gyaran gida, ko za a kai amarya, silin ke zuwa a gaba. Matsalar ita ce, manyan shagunan kayan gini suna Daura ko Katsina. Idan kaya suka ƙare ana tsakar aiki, sai an sake biyan kuɗin mota, wataƙila kuma a tarar farashi ya tashi. Idan kuwa an sayo fiye da kima, kuɗinki ne ya kwanta a zaure.

Ga yadda lissafin yake. Allon jifsam, wanda ake lulluɓe shi da takarda mai kauri, yawanci faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa ƙafa 8. Kenan falle ɗaya yana rufe murabba'in ƙafa 32. Ki sa yaro ya riƙe miki tef, ki auna tsawon ɗakin da faɗinsa, ki ninka su, sannan ki raba da 32.

Misali, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya ba ki 144. Idan kin raba da 32 za ki samu huɗu da rabi. Ba a sayar da rabin falle, saboda haka biyar ne. Falo mai ƙafa 12 da 16 kuwa 192 ne, wato falle shida daidai. Jimla 11. Ki ƙara ɗaya saboda yanka da karyewa a hanya, musamman tunda daga nesa za a ɗauko, sun zama 12.

Sai katakon da za a kafa allon a jikinsa. Idan za a jera shi ƙafa biyu-biyu, a tsaye da a kwance, ɗakin nan mai 12 da 12 zai ci layi bakwai ta kowane ɓangare, wato katako 14 masu tsawon ƙafa 12, ban da guntayen da za a rataye su da su daga sama. Kowane falle kuma ki ware masa sukuru kamar 30 zuwa 35. Kada ki manta da tef ɗin rufe haɗi, da garin shafe shi, da fenti, da maganin gara da za a shafa wa katako kafin a ɗaga shi.

Abu biyu kuma, 'yar'uwa. Na farko, jifsam ba ya shiri da ruwa. Idan kwano yana yoyo, a gyara shi kafin damina ta sauka a watan Yuni, in ba haka ba silin zai yi tabo, ya kumbura, ya rufto. Na biyu, idan tsohon silin da za a cire na asbestos ne, kada a fasa shi a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa tana jawo cutar daji. A fitar da yara, a yayyafa masa ruwa, a sauke shi falle-falle.

Idan kin gama, ki rubuta komai a takarda, ku zauna da maigida ku duba. Sannan a nemi kafinta ya kawo nasa lissafin, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. In ya ce falle 18 inda kika samu 12, ki sa a tambaye shi dalili cikin mutunci. Wataƙila yana da hujja, mai gaskiya kuwa ba ya jin haushin tambaya.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah Ya albarkaci gidajenmu, Ya sa mu shiga da ƙafar dama, amin.