Labu da Dabarar Tsuma Nama a Gidan Mai Ƙaramin Ƙarfi

Tsuma nama, watau a cuɗe shi da kayan yaji a bar shi ya kwanta kafin a kai shi wuta, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mahauta masu yin kilishi sun daɗe da wannan dabara, har suna da suna na musamman ga haɗin da suke tsoma naman a ciki, shi ne labu. Ana dama labu da tunkuza, watau abin da ya saura bayan an matse mai daga gyaɗa, sa'an nan a zuba citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ba a sayarwa ƙulli-ƙulli a bakin kasuwa.

Abin lura shi ne, mahauci ba ya kai nama ga labu sai ya yanka shi falle-falle, ya shanya. Dalili kuwa, ƙamshin kayan yaji ba ya nutsawa cikin tsoka, kusan iyakarsa saman nama. Gishiri ne ke ratsawa ciki, shi ma sannu a hankali. Saboda haka uwargidan da ta sa katon guntun nama cikin haɗin kwalba mai tsada ta yi asarar kuɗinta, alhali wadda ta wasa wuƙa ta yanka naman siri-siri ta sami biyan bukata da ƙullin yaji ɗaya. A nan wuƙa ta fi aljihu aiki.

Ga rabin kilo na nama, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya wadatar, da albasa ɗaya a jajjage, da ɗan dakakken ƙuli-ƙuli a madadin tunkuza. A haɗa da ɗan man gyaɗa, domin mai shi ke riƙe ƙamshin yaji ya manna shi ga nama. Sai dai ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa, don haka ba ya son wuta mai harshe.

Mai ƙaramin ƙarfi yakan ƙare ne ga nama mai tauri, to a nan ake bukatar tsami. Ruwan tsamiya ko lemun tsami ko kindirmo duk suna sassauta saman tsoka, kindirmo kuwa ya fi su sauƙin hannu. Ɗanyar gwanda da abarba da ɗanyar citta suna ɗauke da sinadarai masu warware zaren nama. Amma idan aka bar nama ya kwana cikin gwanda ko abarba, da safe sai a tarar samansa ya dagargaje, cikinsa kuwa yana nan da taurinsa.

Sauran magana ita ce ta zafi. Masana kiwon lafiya suna gargaɗin kada ɗanyen nama ya wuce awa 2 a wajen firji, ko awa 1 idan zafi ya haura digiri 32, abin da ke zaman yau da kullum a bazarar ƙasar Hausa. Gidan da ba shi da tabbacin wutar lantarki sai ya tsuma na ɗan lokaci, wanda ya ishi naman da aka yanka siriri. Ragowar ruwan haɗin kuwa ya riga ya cuɗanya da ɗanyen nama, ba a zuba shi a kan gasasshe sai an tafasa shi.