Karatun malamin rabin aji: wane kwas ne ECCE?

Yau kan wani kwas zan yi magana, wanda yawancin matasanmu na Birnin Kudu da Gwaram suke tsallakewa idan sun zo cike fom ɗin JAMB. Kowa hankalinsa yana kan makarantar jinya ta Birnin Kudu ko jami'ar Dutse, kuma babu laifi. Sai dai guraben ba sa isar kowa, wasu su shekara biyu a gida suna jira.

Kwas ɗin shi ne ECCE, wato koyon renon ƙananan yara da koyar da su, daga haihuwa zuwa shekara biyar. Ana yin sa a kwalejojin ilimi, shekara uku, a fita da NCE. Mu a nan Jigawa akwai Kwalejin Ilimi ta Gumel. A da ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Wanda ya gama zai iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu ya yi digirin ilimi, sannan ya yi rajista da TRCN, hukumar da ke ba malamai lasisi.

To me ake koya? A nan mutane suke raina abin, wai ai tafa hannu ne da waƙa. A'a. Ana karanta yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma, da yadda harshe yake kama bakinsa, da abinci da tsafta, da yadda za ka gane yaron da ba ya ji sosai ko ba ya gani sosai tun kafin a laƙaba masa sunan daƙiƙi. Ana koyon haɗa kayan wasa da abin da ke kusa: kara, laka, murfin kwalba, 'ya'yan tsamiya don ƙirge. Za ku ji sunan Maria Montessori, likitar da ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907, wadda makarantun kuɗi suke liƙa sunanta a allo, ko sun san hanyarta ko ba su sani ba. Daga baya a tura ɗalibi aji na gaske ya gwada koyarwa ana duba shi.

Abin da ya sa na damu shi ne, dokar UBE ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, tsarin ilimi na ƙasa na 2013 kuma ya ƙara shekara ɗaya kafin firamare. Ajin yana nan, shi ne muke ce wa rabin aji. Amma ku leƙa makarantun ƙauyukanmu ku ga wa ake ba shi. Sau da yawa malamin da ya rage bayan an raba sauran azuzuwa ne, ko wanda ya karanta wani fanni daban. Ga yara cike da ɗaki a kan tabarma, wasu da Fulatanci suka tashi, Hausar ma yanzu suke koyo, shi kuwa bulala da haddar ABCD kaɗai ya sani. Yaron da ya tsani makaranta yana ɗan shekara biyar, da wuya ka dawo da shi a aji huɗu.

Ba zan ɓoye muku ba, albashin malami ba mai yawa ba ne, makarantun kuɗi na cikin gari ma abin da suke biya sai haƙuri. Amma mai wannan takarda yana iya neman aiki a ƙarƙashin SUBEB, ko ya buɗe tasa nazire idan ya cika sharuɗɗa. 'Yan'uwa mata musamman, aiki ne da za ki yi a garinku ko bayan aure. Maza ma kada ku ce ba naku ba ne.

Wanda zai nema, ya duba littafin kwasa-kwasan JAMB na bana ya tabbatar kwalejin da ya zaɓa tana da sashen ECCE kafin ya biya kuɗin fom. Sai mun haɗu a shiri na gaba.